Takubban Da Ke Rataye A Ɗakunan Zongo: Gadon Da Ke Neman Suɓuce Mana

Duk wanda ya taɓa halartar bikin naɗin sarauta a Zongon Kumasi, ko ya tsaya kallon tawagar sarakuna ranar sallah, zai tuna cewa cikin 'yan rakiya ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da suka ratayo takobi a kafaɗa, cikin kuben fata da tsufa ya dusashe. Galibi ba a ma zare shi. Da taro ya watse sai a mayar da shi ɗaka, a rataye bayan ƙofa ko a tura ƙarƙashin gado, sai kuma wata hidimar. Idan ka tambayi mai shi asalinsa, amsar ba ta wuce cewa na kaka ne, daga Arewa aka zo da shi.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, irin wannan takobi yana iya ɗauke da tarihin nahiyoyi biyu. Ruwansa, wato ƙarfen da ke sara, mai yiwuwa a ƙasar Jamus aka ƙera shi, ƙotarsa da kubensa kuma aikin maƙera da dukawan Kano ne ko na Agadas, sannan kafaɗar wani farke ce ta kawo shi ƙasar goro. Wani abin lura kuma shi ne, a can inda aka ƙera ƙarfen, jikokin masu shi sun tashi haiƙan suna tono yadda kakanninsu suke sarrafa takobi, har abin ya zama wasan motsa jiki da ake gasa a kansa. Mu kuwa a nan, takobin yana hannunmu, amma sanin yadda ake riƙe shi yana bin tsofaffi zuwa kushewa.

Daga Solingen zuwa Kasuwar Kurmi

Takobin Hausa, wanda Buzaye ke kira da suna mai kama da namu, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa kan kai kusan mita ɗaya, kuma bakinsa ya fi kusa da zagaye fiye da tsini, abin da ke nuna cewa don sara aka yi shi daga kan doki ko raƙumi. Ana rataya shi ne da hamila a kafaɗa, maimakon ɗaura shi a ƙugu. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafin da ya wallafa a 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya tattaro sunayen ire-irensa: akwai fatefate mai faɗin ruwa, wanda ya fi yawa, akwai dunhu da ba shi da zane ko kaɗan, akwai tamogashi mai layuka 3 a tsawon ruwansa, sai kuma lanƙwasassu irin su bisalami. Yawan sunayen nan kaɗai ya isa shaida cewa mutanen da sun san abin ciki da bai.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ana kawo ruwan takubba ta tsibirin Malta zuwa gaɓar Libiya, a ratso Sahara da su zuwa Barno, daga nan su iso Kano inda ake yi musu ƙota da kube. Bayansa da shekara 27, a 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shiga Kano kowace shekara, kuma kusan dukkansu daga garin Solingen suke. Ko da an ce ƙiyasi ne na matafiyi, ya nuna girman cinikin. Kano ba ta cinye su duka, tana haɗa su ne ta sake sayar wa Abzinawa da Barebari da Nufawa da sauran maƙwabta.

Solingen gari ne a yammacin Jamus, kusa da kogin Wupper, wanda ruwansa ke juya duwatsun wasa ƙarfe tun ɗaruruwan shekaru. Maƙeran garin sun shahara da ƙarfen da ke lanƙwasa ya dawo daidai ba tare da ya karye ba. Suna buga tambari a jikin ruwan takobi, kuma wanda ya fi shahara shi ne hoton kyarkeci yana gudu, tambarin da asalinsa na garin Passau ne kafin Solingen ta ɗauka. Akwai kuma tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Da masu saye a Sahara da ƙasar Hausa suka riƙi waɗannan alamomi a matsayin shaidar nagarta, sai maƙeranmu suka shiga kwaikwayonsu a kan ƙarfen da suka ƙera da kansu. Saboda haka ganin tambari kawai ba ya tabbatar da cewa ruwan na Turai ne, kamar yadda binciken Lloyd Cabot Briggs na 1965 kan takubban Buzaye ya nuna.

A nan ya kamata a gyara wata magana da ta daɗe tana yawo, cewa wai takubbanmu ragowar na mayaƙan Salibiyya ne. Abin da ya jawo wannan zato shi ne kamannin takobin da gicciye. Masana sun yi watsi da shi, domin mafi yawan ruwan Turai da aka samu a takubbanmu na ƙarni na 16 zuwa na 19 ne, kuma ciniki ne ya kawo su. Ban da haka, takubban Larabawa na farkon Musulunci su ma miƙaƙƙu ne, lanƙwasasshen takobi daga baya ya yaɗu. Shi kansa takobi ya riga cinikin Solingen zama a fadojinmu. Daura tana da takobin da ake dangantawa da Bayajida, Katsina tana da Gajere na zamanin Korau, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali.

Yadda ya biyo hanyar goro

Hanyar da ta kawo takobi wannan yanki ita ce hanyar Gwanja. Shekara da shekaru fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna tasowa ayari-ayari, ƙarƙashin madugu da jagaba, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su shafe watanni a hanya kafin su iso Salaga su sayi goron Asante, mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Hanyar tana da 'yan fashi, musamman ta wajen Borgu, don haka ayari ba ya tafiya hannu rabbana. Kwari da baka da mashi da takobi suna cikin guzurin tafiya kamar yadda tukunya da tabarma suke.

Musulmi sun daɗe a Kumasi kafin a kafa Zongo. Thomas Bowdich da ya zo a 1817, da Joseph Dupuis da ya zo a 1820, duk sun tarar da malamai a kusa da fada suna rubuta wa Asantehene wasiƙu da layu. Amma babbar kasuwar goro a Salaga take ci, har sai da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a watan Fabrairu na 1874, ikon Asante a kan Arewa ya raunana, ciniki ya karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara tarwatsa 'yan kasuwa. Bayan an kama Asantehene Prempeh na 1 a 1896, sannan aka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai ƙofar Kumasi ta buɗe wa 'yan Arewa, Zongo ya kafu ya bunƙasa.

Akwai kashi na biyu na waɗanda suka kafa Zongo, wato sojoji. Tun farkon shekarun 1860 John Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin ɗamara a Legas, kuma ya zo da su yaƙin 1874 ta ɓangaren kogin Volta. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gold Coast daga irin waɗannan mutane, wadda ta rikiɗe ta zama rundunar soja a 1901. Su waɗannan da bindiga da banati aka horar da su. Ma'ana, tun ranar da aka dasa harsashin Zongo, takobi ya riga ya fara komawa kayan ado. A can gida ma haka ta faru, domin a 1903, a Kano da Kwatarkwashi da Sakkwato da Burmi, barade masu takobi da mashi sun gamu da bindiga mai ruwa, kuma daga ranar aikin takobi a fagen fama ya ƙare.

Afena, takobin masu masaukinmu

Kumasi gari ne da ya san darajar takobi, sai dai nasu daban yake da namu. Asante da bindigar da suke saye daga Turawan bakin teku suka yi yaƙe-yaƙensu, domin doki ba ya rayuwa a kurmi saboda ƙudan tsando, kuma inda babu barade dogon takobi ba shi da wani babban aiki. Ke nan ƙarfen Turai ta hanya biyu ya iso wannan gari: ta kudu ya zo a matsayin bindiga, ta arewa ya zo a matsayin ruwan takobi.

Takobin Asante, wanda suke kira afena, mai lanƙwasa ne, yana faɗaɗa ta wajen baki, sau da yawa da huje-hujen ado a jikinsa, ƙotarsa ta itace ce mai dunƙule biyu da ake lulluɓewa da zinariya. Aikinsa na mulki ne da rantsuwa. Manzon sarki yana riƙe shi don a san da bakin wa yake magana, kuma da takobin da ake kira Mpomponsuo manyan sarakuna ke yi wa Asantehene mubaya'a. A harabar Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye akwai takobin da aka ce bokan nan Okomfo Anokye ya kafa a ƙasa fiye da shekara 300 da suka wuce, har ana ba da labarin cewa ɗan dambe Muhammad Ali ya gwada cire shi a ziyararsa ta 1964 bai iya ba. Ita kanta ƙasar Ghana, Shugaban Ƙasa yana ɗaga takobin ƙasa a ranar rantsar da shi.

Darasin da ya shafe mu yana cikin abin da ya faru a 2024. A ranar 1 ga Mayu na wannan shekara aka buɗe baje kolin kayan fadar Asante guda 32 a gidan tarihi na Manhyia, 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, kuma cikinsu har da wani tsohon takobin Mpomponsuo. Da yawa daga kayan a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 aka kwashe su. Sai da aka shekara 150 daga ƙone Kumasi kafin su dawo, kuma da suka dawo ɗin a matsayin aro suka zo, na shekara 3 da damar ƙarawa. Idan masarauta mai ƙarfi irin ta Asante ta sha wannan wahala kan kayan da aka ƙwace mata da ƙarfi, ina ga gidan da ya sayar da takobin kakansa da hannunsa a kan 'yan sidi kaɗan?

Abin da Turawa suka tono a cikin tsofaffin takardu

A Turai ma bindiga ta kashe takobi, kuma dabarun yaƙi da dogon takobi sun ɓace ƙarnuka da dama, babu malami babu almajiri. Abin da ya cece su shi ne rubutu. Littafi mafi tsufa da ya rage shi ne wanda ake kira I.33, da aka rubuta a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300, yana ajiye a gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke birnin Leeds a Ingila. Warƙa 32 ne, da harshen Latin, da zane-zanen wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa faɗa da takobi da ƙaramar garkuwa, har a shafukan ƙarshe aka zana wata mace ita ma tana gwabzawa.

Wanda ya fi tasiri shi ne Johannes Liechtenauer, malamin takobi na ƙarni na 14. Tsarin karatunsa ba zai zama baƙo ga duk wanda ya zauna a makarantar zaure ba. Ya tsara iliminsa ne cikin gajerun baitoci masu amsa-amo don a haddace, ya kuma dunƙule ma'anarsu da gangan yadda wanda bai zauna gaban malami ba ba zai gane ba. Almajiransa da almajiran almajiransa, irin su Sigmund Ringeck da Peter von Danzig, su suka zo suka yi wa baitocin sharhi. Matani da sharhi ke nan, kamar yadda muka saba a littattafan fiƙihu da nahawu.

A wannan makaranta akwai tsayuwa 4 da mai takobi ke farawa da su, masu sunaye irin na manoma: sa, garma, wawa, da kuma wadda ake ɗaga takobi sama. Akwai sara 5 na musamman da aka tsara kowannensu ya kare ka kuma ya sari abokin gaba a motsi guda. An raba ruwan takobi gida biyu, rabin da ke kusa da hannu shi ne mai ƙarfi, rabin da ke wajen baki shi ne mai rauni, kuma sirrin duka shi ne ka ɗora ƙarfinka a kan rauninsa. Idan ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ana koya wa ɗalibi ya ji ta hannunsa ko abokin karawa yana turowa ne ko ya saki, kamar yadda ɗan kokawa ke jin nauyin abokinsa kafin ya ɗauke shi.

A Italiya, Fiore dei Liberi ya rubuta nasa a farkon shekarun 1400, kuma kwafi 4 sun rage. Ya fara da kokawa, ya bi da wuƙa, da takobi, da mashi, da faɗa cikin sulke, har zuwa faɗa a kan doki. Ya kwatanta halayen da mai takobi ke buƙata da dabbobi 4, cikinsu giwa don ƙarfin tsayuwa da zaki don ƙarfin zuciya. Bayansa Hans Talhoffer ya bar littattafai masu zane a tsakiyar ƙarni na 15, sannan Joachim Meyer ya buga babban littafinsa a 1570.

Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta wa Halifa Mu'utasim risala kan ire-iren takubba da ƙarafansu, inda ya ambaci har da na Turawa. Mamalik na Masar kuma sun bar littattafan furusiyya masu bayanin hawa da sukar mashi da sara, irin wanda Al-Aƙsara'i ya wallafa a ƙarni na 14.

Yadda ake wasan a yau

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu Turawan Ingila, Alfred Hutton da Egerton Castle, sun yi ƙoƙarin farfaɗo da tsohon salon, amma abin bai yi nisa ba. Sai a shekarun 1990, da intanet ta ba mutane damar musayar hotunan tsofaffin littattafai da fassararsu, harkar ta kankama. Yau ana kiranta HEMA a taƙaice, wato dabarun faɗa na Turai na tarihi. A 2001 aka kafa gamayyar masu wannan bincike a Turai, a 2006 aka fara gasar Swordfish a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, a 2009 kuma aka buɗe rumbun Wiktenauer a intanet, inda kowa ke iya karanta littattafan kyauta.

Wannan ya bambanta da wasan takobi na Olamfik, wanda ake yi tun 1896 da siririn ƙarfe da bai kai kilo 1 ba. Masu HEMA sun fi amfani da dogon takobi na hannu biyu, mai tsawon kimanin santimita 120 zuwa 130. Ɗaya daga cikin abubuwan da bincikensu ya rushe shi ne zaton da fina-finai suka dasa cewa takobin da wani jibgegen ƙarfe ne da sai ƙato ke iya ɗagawa. Da aka auna na gidajen tarihi, sai aka ga dogon takobi galibi bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ko sama da haka kaɗan.

Takobin atisaye ba shi da kaifi, bakinsa a naɗe yake ko a dakushe, kuma yana lanƙwasa idan aka yi suka. Ɗan wasa yana sa hular raga ta ƙarfe, da abin kare maƙogwaro, da safar hannu mai tauri, da riga mai kauri cike da ɗinki, wadda duk Bahaushen da ya gan ta zai ce ai lifidi ne. Alƙalai suna ƙirga maki gwargwadon inda sara ya sauka, kuma a gasa da yawa ana rage wa ɗan wasa maki idan ya sari abokinsa amma shi ma aka sare shi, domin a fagen fama wanda ya kashe aka kashe shi bai ci riba ba. Takobi mai kaifi kuwa a kan naɗaɗɗiyar tabarma da aka jiƙa ko gorar ruwa ake gwada shi. Maza da mata duk suna yi, da ɗalibai da ma'aikata da dattawa.

Su kansu masu harkar sun yarda cewa abin da suke yi fassara ce. Zane ba ya nuna motsin ƙafa tsakanin hoto da hoto, don haka malamai biyu kan karanta shafi ɗaya su fito da fahimta biyu. Sarƙar da ke tsakanin malami da almajiri ta tsinke musu ɗaruruwan shekaru, da takarda suke ƙoƙarin ƙulla ta.

Mu ina namu?

A nan ne lamarinmu ya zama akasin nasu. Mu mutanen rubutu ne. Takardun Larabci da aka tsinta a sansanin Asante bayan yaƙin Katamanso na 1826, waɗanda ke ɗakin karatu na Copenhagen a Denmak, ɗaruruwan shafuka ne, kuma mafi yawansu layu ne da addu'o'i, har da na tsari daga makami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin yaƙe-yaƙen jihadi a Infaƙul Maisuri. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Hausa da Larabci. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce a shekarun 1960. Malamanmu sun rubuta hukuncin yaƙi, da labarin yaƙi, da addu'ar yaƙi. Amma yadda ake tsayuwa, da yadda ake kare sara da garkuwar fata, da yadda barde ke juya doki ya kawo sara, wannan a hannu aka bar shi, ɗa ya gani wajen uba, bara ya gani wajen ubangidansa.

Sai dai muna da abin da Turawa suka rasa, wato sarƙar da ba ta gama tsinkewa ba. Daga 1903 zuwa yau tsatso 4 ne ko 5, kuma har yanzu akwai dattawan da suka zauna da waɗanda suka ga zamanin. Burbushin ilimin yana nan a warwatse: a jafin mahaya ranar hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya, a wasan 'yan tauri da na mafarauta, a tsayuwar ɗan dambe mai hannu ɗaya na kariya ɗaya na bugu, a rawar takai da Dagomba ke yi da sandunan ƙarfe, a kirarin barade, da kuma wajen Buzayen Agadas da har yau takobi ke cikin shigarsu ta biki. A Amurka ma an samu masu sha'awa da suka kafa ƙungiyar nazarin dabarun faɗa na Afirka na tarihi, kuma takobinmu na cikin abin da suke nazari. Idan muka yi sake, nan gaba a wajensu jikokinmu za su je neman bayani.

Abin tsoro da abin yi

Dole wani uba ya ce, a unguwannin da ake fama da rikicin matasa da sare-saren adda, musamman lokacin zaɓe, har ta kai Majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a 2019, wane mai hankali ne zai ce a koya wa yara takobi? Tsoron yana kan hanya, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma yaron da ke ɗaukar adda bai koyo ta a makaranta ba, rashin makarantar ne ya kai shi. Inda ake koyar da irin wannan wasa da malami da doka da kayan kariya, abin da ɗalibi ke fara koya shi ne riƙe fushinsa da girmama abokin karawa, kamar yadda ake gani a wasannin judo da takwando da yaranmu ke yi ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Sharaɗin shi ne ya kasance a fili, da sanin sarakuna da limamai da hukuma, a fara da sanda, kuma kada ƙarfe mai kaifi ya shiga filin.

Kafin a kai ga wasa ma akwai aikin da ya fi gaggawa. Na farko, duk gidan da ke da tsohon takobi ya ɗauki hotonsa, da hoton duk wani tambari ko rubutu da ke jikinsa, a rubuta sunan wanda ya zo da shi da garin da ya fito, da boko ko da ajami, a ajiye tare da shi. Na biyu, a daina kai shi wajen mai wasa wuƙa ko goge shi da inji don ya yi ƙyalli ranar biki, domin hakan ne ke cinye tambarin da ke faɗin asalinsa. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa, a kuma nisanta shi da danshi, wanda damina biyu ta Kumasi ba ta raga wa ƙarfe da fata. Na uku, a yi hattara da dillalan kayan tarihi masu bi gida-gida. Dokar ƙasa ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana ba, amma doka ba ta iya tsare abin da mai shi bai san darajarsa ba.

Na huɗu, matasanmu da ke karatu a KNUST da sauran makarantu su zauna da dattawan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Alabar, su naɗi muryarsu da hotonsu da wayar hannu, su sa su nuna da sanda abin da suka gani a wajen iyayensu. Fadar Sarkin Zongo tana iya ware ɗaki guda da za a riƙa ajiye irin waɗannan kaya amana da sunan gidajen da suka kawo, kuma Asusun Raya Zongo da aka kafa da dokar 2017 wuri ne da ya dace a kai wannan buƙata. Takubban atisaye marasa kaifi kuwa ba sai an yi odarsu daga Turai ba, ga maƙeran Suame Magazine nan da ke sarrafa ƙarfen da ya fi wannan wuya.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Turawa sun yi sakaci da nasu, amma kakanninsu sun bar musu takarda, shi ya sa bayan shekara 600 suka iya komawa. Mu namu yana ƙirjin tsofaffi ne, kuma kowace jana'iza da aka yi a Zongo tana iya tafiya da wani yanki nasa. Wanda ke da kaka a gida, ko takobi a bayan ƙofa, ya fara tambaya tun yau. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.